Katin Kowace Gona

Abin da ke ba ni haushi da yaran da ke fitowa yanzu da takardar akanta shi ne, ka tambaye su nawa buhun shinkafa ya ci kafin ya bar bakin inji, sai su ce a jira ƙarshen shekara a rufe littafi. Wannan ai lissafin odita ne. Namu na da na mai dukiya ne, wanda zai gaya masa ya sayar ko ya riƙe kafin kasuwar Talata ta zagayo.

Maigidana, Allah ya jiƙan sa, a wurin 'yan auduga na Gusau ya ƙware, ya zo mana Mafara da ɗabi'a guda: kowace gona da katinta. Iri, taki, man tarakta, kuɗin ruwa, ladan 'yan ƙwadago, kowanne da layinsa. Layin ƙarshe na asara ne, wato gutsure, danshi da abin da tsuntsu ya ci. Da fensir ake rubutu, ba a sa biro sai kaya sun hau sikeli. In ya ga kati tsaf ba goge ko ɗaya, sai ya ce, "Yaro, a ɗaki ka zauna ka ƙirƙiro wannan." Manomin Bakura da ke rantsuwa ya ci riba, sai a buɗe masa kati ya ga bashin taki ya riga shi.

Wannan kati kuwa ya hango abin da ya faru da dam ɗin Bakolori. Kamfanin Impresit ya gama dam ɗin a 1978, aka tsara hekta 23,000, kusan 15,000 na ban ruwan feshi ne, sauran ruwa ke gangara musu ta magudana. Feshi sai famfo, famfo sai wuta da kayan gyara daga waje. Duk wanda ya raba wannan kuɗi kan kowace hekta ya san ba shinkafar da za ta biya shi. Bututun suka mutu, magudana ta rage. Kafin nan ma, a 1980, an zubar da jinin manoma kan diyyar gonaki, ita ma magana ce ta ƙima.

Daga baya shirin TRIMING na Bankin Duniya ya ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa karɓar kuɗi da gyaran magudana. Shugabanninsu, daga Maradun har Bakura, ku nemi mai fitar muku da kuɗin hekta duk wata. Kwamfuta ko fensir, duk ɗaya ne a wurina.