Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa: Yadda Koyarwar Tausayi ta Shiga Ƙasar Hausa ta Ƙofar Kutare

A shekarar 1937 hukumomin En'e na Kano da Katsina da Sakkwato suka damƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM ragamar kula da sansanonin kutarensu, wato Yadakunya a ƙasar Kano, Babbar Ruga kusa da Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. A lokacin Abdullahi Bayero ne Sarkin Kano, Muhammadu Dikko na Katsina, Hassan ɗan Mu'azu kuma shi ne Sarkin Musulmi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da za a zarga da sakaci a kan addini. Duk da haka suka yarda mutanen da aka shafe shekara talatin ana hana su kafa majami'a a cikin biranen nan su zauna dare da rana tare da talakawansu. Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi da bisharar Kirista ta taɓa samu a masarautun Musulmi na Arewa a zamanin Turawa. Saboda haka, a ganina, duk mai son ya auna abin da koyarwar Kirista a kan tausayin Allah da ceto da zaman tsarki ta zama a ƙasar Hausa, to a waɗannan sansanoni ya kamata ya ɗora ma'auninsa, domin a can ne aka daina jin koyarwar da kunne kaɗai, aka fara ganin ta a hannun mai wanke gyambo.

Kafin nan ƙofar a rufe take. Mutane ukun da suka kafa SIM sun sauka Legas a 1893, kuma cikin shekara guda biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka mutu ba su kai ga abin da suka zo nema ba. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. A 1900 ayarin wata ƙungiyar mishan, CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, wanda Likita Walter Miller yake ciki, ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 sai ya yi alkawarin gwamnatinsa ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba, razdan-razdan da suka biyo baya kuma suka fassara alkawarin da cewa a tsare 'yan mishan a Sabon Gari da ƙasashen da ba na Musulmi ba. In ban da Miller da ya sami zama a Zariya tun 1905, daga baya aikinsa ya koma Wusasa, kusan babu wata tashar mishan a tsakiyar ƙasar Hausa ta ɓangaren Ingilishi.

Akwai wani labari da wasiƙun neman taimako na 'yan mishan suka riƙa bayarwa a Amurka da Kanada, cewa sun tarar da kutare a yashe, ba mai kallonsu. Wannan bai dace da ƙasar Hausa ba, kuma ya kamata a faɗi haka tun da wuri. Kuturu a Kano ko Katsina yana da matsayi a cikin gari. Akwai Sarkin Kutare, kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, yana sasanta jama'arsa yana kuma kai kukansu fada. Sadaka da zakka suna kai musu, ranar Juma'a suna da wurin zamansu a bakin masallaci, suna aure suna haihuwa, wasu ma suna tara abin hannu, har Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Ba a kore su daji ba kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe. Amma wannan tausayin yana da iyaka. Yana ciyar da mutum, ba ya hana ƙafarsa ruɓewa. Mutane sun ɗauki ciwon na gado ne, ana bincikarsa kafin a ba da aure, fiƙihun Malikiyya ma ya lissafa shi cikin aibubban da ke ba da damar raba aure. Ita kuwa cutar, ƙwayarta da likita Hansen ya gano a ƙasar Nowe a 1873 jijiyoyi take kashewa, sai hannu da ƙafa su daina jin zafi, mutum ya taka ƙaya ko ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, miki ya zauna, yatsu su tafi ɗaya bayan ɗaya. Abin da irin wannan jiki yake bukata shi ne wanda zai duba tafin ƙafa kullum ya wanke ya ɗaure, kuma kwabon da aka jefa a ƙoƙo ba ya yin wannan aikin.

A nan ne koyarwar Kirista take da abin da ya keɓe ta. Littafin Firistoci a cikin Attaura ya sa mai irin wannan ciwo a sahun marasa tsarki, ya ce ya zauna a bayan zango. Bisharar Markus kuwa, tun a sura ta farko, ta ba da labarin kuturun da ya durƙusa gaban Yesu, Yesu ya ji tausayinsa ya miƙa hannu ya taɓa shi, sannan ya warke. Kiristoci sun daɗe suna tsayawa a kan wannan taɓawar, domin a fahimtarsu da magana kaɗai ma zai iya warkar da shi. Daga nan suka karanta dukan labarin ceto: Allah mai tsarki bai jira ɗan Adam ya wanke kansa ba, shi ya fara matsowa kusa da mai zunubi, kuma tsarkinsa ne ya rinjayi ƙazantar. Ceto alheri ne, ba ladan aiki ba, zaman tsarki kuma yana biyo bayan ceto a matsayin godiya. Da Yesu ya aiki almajiransa, tsarkake kutare yana cikin abin da ya umarce su a Bisharar Matiyu. Wannan karatun ne ya haifi ƙungiyar taimakon kutare da Wellesley Bailey ya kafa a 1874 saboda abin da ya gani a Indiya, shi ne kuma ya zaunar da Fada Damien cikin kutare a tsibirin Molokai har cutar ta kama shi ya mutu a 1889. Wani abin lura shi ne majinyacin Yadakunya ba baƙo ba ne ga labarin, tun da Alƙur'ani ma ya ambaci cewa Annabi Isa ya warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah. Saɓanin yana kan wane ne Isa da kuma me mutuwarsa take nufi, amma cewa ya kusanci masu wannan ciwo, a kan wannan kam kowa ya yarda.

Ba tauhidi ne ya buɗe ƙofar ba, lissafi ne. An kafa ƙungiyar yaƙi da kuturta ta daular Ingila, BELRA, a 1924, tana matsa wa gwamnatoci lamba su yi wani abu. Tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, likitocin gwamnati kaɗan ne, kuma ba mai ɗokin aikin kutare. 'Yan mishan kuwa sun riga sun nuna abin da za su iya a Garkida, inda Cocin 'Yan'uwa ta buɗe sansani a 1929. Albert Helser, ɗaya daga waɗanda suka kafa tashar Garkida, shi ne daga baya ya koma SIM ya jagoranci aikin kutarenta. Baitulmalin En'e ya ba da fili da kuɗi, ƙungiyoyin waje suka ƙara nasu, mishan ta kawo likita da nas-nas. To amma wane magani suka kawo? Man wani itacen Indiya ne da ake kira calmugra, ana yin allurarsa a cikin fata da tsoka, mai tsananin zafi, amfaninsa kuma kaɗan ne ga masu ciwo mai nauyi. Ma'ana, shekara goma na farko mafi yawan abin da aka yi a sansanonin nan jinya ce: wankin miki, yanke ruɓaɓɓen ƙashi, abinci, gona ga mai iya noma, saƙa da ɗinki, da karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Aka koya wa wasu majinyata yin allura da ɗaurin miki har suka zama malaman asibiti. Ina ganin wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a kan cewa koyarwar gaskiya ce a zukatan da yawa daga ma'aikatan. Wanda yake neman suna ko sakamako mai sauri ba zai shekara goma yana wanke ƙafar da ya san ba zai iya warkarwa ba.

Sai dai akwai tuhumar da ba za a kau da kai daga gare ta ba, kuma malamai da sarakuna sun yi ta tun a lokacin: cewa maganin koto ne, ƙugiyar tana ciki. 'Yan SIM ba su ɓoye ba cewa ceton rai ne babban burinsu, kuma a rahotanninsu suna ƙirga masu tuba kamar yadda suke ƙirga masu samun sauƙi. Mutumin da ya baro garinsu, abincinsa da allurarsa da ɗakin kwanansa duk suna hannun wanda yake masa wa'azi, ba za a ce yana da cikakken 'yancin cewa a'a ba, ko da dokar gwamnati ta hana tilastawa. Na yarda da rabin wannan tuhuma. Inda duk aka sa majinyaci ya ji cewa halartar sujada tana gyara masa zama, an ci amanarsa. Amma wanda ya yi haka ya saɓa wa littafinsa ne kafin ya saɓa wa sarki. Bisharar Luka ta ba da labarin kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya dawo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, kuma ba a ce an mayar wa sauran taran ciwonsu ba. In ceto kyauta ne, to tausayin da ke nuna shi ba zai zama da farashi ba. Abin da ya faru a aikace ma yana rage wa tuhumar ƙarfi, domin mafi yawan waɗanda suka shiga sansanonin Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita, an kuma yi musu jinyar. Waɗanda suka zama Kirista ba daidai ba ne a ɗauke su duka a matsayin waɗanda aka saya. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya, sannan ya ga baƙo yana riƙe ƙafarsa da hannu, yana da dalilinsa na tambayar me ya sa, kuma wasu daga cikinsu sun riƙe sabon addinin bayan sun bar sansani, lokacin da ba abin da yake jawo musu sai tsangwama.

Inda nake ganin laifin ya fi nauyi shi ne ɓangaren zaman tsarki. SIM ta fito daga reshen Kiristanci mai tsananin ka'ida, mai ƙyamar giya da taba da rawa da auren mace fiye da ɗaya. Wannan ka'ida tana da ma'ana ga wanda ya zaɓe ta da kansa. Da ta haɗu da ikon mai kula da sansani, sai ta zama dokar gari a kan mutanen da magani kawai ya kawo su, har ana sa ido a kan aurensu da shigarsu da fitarsu. Mafi ciwo shi ne raba jarirai da iyayensu mata masu cutar, a kai su gidan reno don kada su kamu. Likitancin zamanin ya goyi bayan haka a ƙasashe da yawa, kuma ya tsare wasu yara daga ciwon, amma ya tashi yara a hannun mishan nesa da nonon uwa da addinin uba, kuma iyaye ba su da bakin magana sosai. Haka nan tara kutare wuri guda a bayan gari ya ƙara wa mutane tsoron da a da bai kai haka ba, alhali yanzu an san mafi yawan 'yan Adam jikinsu ba ya ɗaukar cutar ko sun zauna da mai ita. Koyarwar da ta fara da shigo da na bayan zango cikin jama'a ta wayi gari tana tsaron wani sabon bayan zango.

Abin da ya warware wannan ƙulli ƙwayar magani ce. A 1941 aka fara gwada magungunan salfon a wani asibitin kutare a jihar Luwiziyana ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1940 kuma John Lowe da Frank Davey suka nuna a Uzuakoli, wani sansanin mishan na Metodis a gabashin Nijeriya, cewa ana iya shan ɗaya daga cikinsu, dafson, da baki ba tare da ya yi illa mai yawa ba. Yana da arha, ba ya bukatar allura, kuma yana kashe ƙwayar cutar. Cikin shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta baza ɗakunan shan magani a ƙauyuka, mutum ya zo ranar kasuwa ya haɗiyi ƙwayarsa ya koma gonarsa. Daga nan babu hujjar tsare kowa shekara da shekaru, kuma ikon da sansani ya ba mishan a kan rayuwar majinyaci ya ragu ƙwarai. Majami'un SIM suka haɗu suka zama cocin ECWA a 1954, gwamnatocin jihohi kuma suka karɓe asibitocin a shekarun 1970. A ɓangaren Nijar aikin ya ci gaba a hannun mishan, da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da cibiyar kutare ta Danja kusa da Maraɗi tun 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku a farkon shekarun 1980, ya zama ana warkewa cikin watanni, yawan masu cutar a Nijeriya kuma ya sauko ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu goma a 1998. Ƙwayar maganin ba ta mayar da yatsun da suka riga suka tafi, ba ta kuma farfaɗo da jijiyar da ta mutu, don haka tsofaffin majinyata da yawa ba su koma garuruwansu ba. Sun zauna a ƙauyukan da suka tsiro kusa da Yadakunya da Amanawa, su da 'ya'yansu da jikokinsu, kuma har yau bukatarsu ita ce ta farko: takalmi mai taushi, tiyatar ido da hannu, da mai duba tafin ƙafa kafin miki ya zauna.