Inabin Syrah: Daga Tatsuniyar Farisa Zuwa Hazon Bakin Teku

Yau za mu leƙa gonakin inabi ne, mu bi tarihin wani baƙin inabi da ake kira Syrah, wanda Turawa ke matsewa su yi jar giya mai kauri da shi. Mu dai shukar ce ta kawo mu.

An daɗe ana cewa daga birnin Shiraz na Farisa ya fito, wai wani mayaƙi ne ya dawo da shi daga gabas ya dasa a tudun Hermitage da ke bakin kogin Rhône a Faransa. Labarin ya yi daɗin ji, ga shi kuma har yau Shiraz ake ce masa a Ostireliya, inda James Busby ya kai rassansa a 1832. To amma a 1998, Carole Meredith ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da masana na Montpellier, suka binciki ƙwayoyin gadonsa. Ashe ɗan gida ne! Iyayensa wasu inabai ne biyu da ba a san su sosai ba, Dureza da Mondeuse Blanche, dukansu na kudu maso gabashin Faransa.

A Ostireliya, wurare masu zafi irin su kwarin Barossa ne suka fito da sunansa. Rana tana sa shi ya nuna da wuri, sukari ya yi yawa, tsami ya ragu. Sai wasu manoma suka juya akalarsu zuwa bakin teku, musamman a Kalifoniya da Chile.

Me suka je nema? Sanyi. Igiyar ruwa mai sanyi tana gangarowa daga arewa ta bi gaɓar Kalifoniya, wata kuma, mai suna Humboldt, tana haurowa daga kudu ta bi gaɓar Chile. Iskar da ta ratsa kansu takan shigo da hazo cikin kwaruruka, ya lulluɓe gonaki da safe. Inabi sai ya nuna a hankali, tsaminsa bai gudu ba. Amma fa akwai kasada: idan sanyin ya yi yawa, ruwan sama zai iya riskar 'ya'yan ba su nuna ba, wahalar shekara ta tafi a banza.

A 2008 masu bincike a Ostireliya suka bayyana sinadarin da ke ba Syrah ƙamshin masoro. Sunansa rotundone, yana cikin ɓawon inabin, kuma shi ne dai a cikin masoron da kuke dakawa a yaji. Ya fi taruwa a inabin da ya nuna cikin sanyi. Wani abin mamaki, a gwajin da suka yi, kusan mutum ɗaya cikin biyar bai ji ƙamshinsa ba ko kaɗan, komai yawan da aka zuba.