Ranar Albashi a Bakin Get

Ɗan ƙanena, da aka zaɓa sakataren reshen ƙungiyar ƙwadago bara, ya zo yana mini ƙorafi wai ma'aikatan yanzu ba su da kishin ƙungiya, a kira taro kujeru su fi mutane yawa. Na ce masa, "Ɗana, yaushe rabonka da zagawa inda suke aiki?" Sai ya hau sosa ƙeya.

Mu da muka shiga masaƙa a Kakuri kafin 1978, da hannu muke karɓar kuɗin ƙungiya. Ranar albashi mu tsaya a bakin get da kati da hatimi. Duk wanda ya raɓe ta gefe yana kau da kai, mun san da walakin: ko helima ya ci masa mutunci ba mu tanka ba, ko an zaftare masa kuɗin obataim mun yi gum. Baba Wakili, dattijon da ya koya mini aikin, bai taɓa tare mutum a kan bashi ba. Bayan isha'i zai bi shi gida ya ji damuwarsa, washegari ya kafe a ƙofar manaja har sai an janye takardar tuhuma. Wata mai zuwa mutumin zai biya har da na baya, ba a tambaye shi ba.

Abin da yaran nan ba su gane ba, mugun manaja ba ya kawo wa ƙungiya mabiya. A sashen da manaja ke zama da mu a kashe magana, nan aka fi riƙe kati da daraja, don an ga amfaninmu. Inda kullum faɗa ne babu biyan buƙata, sai mutane su gaji da mu da shi duka.

Da gwamnatin soja ta haɗe ƙungiyoyi zuwa 42, aka koma cire kuɗin daga albashi kai tsaye, mun yi murna, ba na musu. Asusu ya cika, ƙungiyar masaƙa ta yi ƙarfi, musamman da Adams Oshiomhole ya zama babban sakatare a 1982. Shi ma fa daga cikin masaƙa ya fito. Sai dai tun daga lokacin kuɗi na shigowa ko mutum na fushi da mu, ba mu da labari.

Baba Wakili bai ga rufe masaƙun ba, Allah ya jiƙansa. Katinsa na nan a akwatina. Ɗana, ran Litinin ka bar ofis ka je bakin get.