Tabarmar Dattijo a Ƙasar Adar

Wanda duk ya binciki al'amarin ƙauyukan Adar, daga Tawa ta unguwannin Bilbis da Fakawa har zuwa tsaunukan Keita da Tamaske, zai tarar cewa a zamanin da, tun kafin Agabba ɗan Sarkin Agadas ya kafa mulkinsa a ƙasar, har bayan zuwan Nasara, tsufa bai kasance sababin kaɗaici ba, domin kuwa nizamin gandu ya ɗaure dattijo da jama'arsa da igiyar bukata, wadda sau da yawa ta fi igiyar tausayi ƙarko. Shi ne mai mabuɗin rumbu, shi ke cewa ga ranar shuka, shi ke kiran gayya, kuma ba a ɗaura aure ko a raba gado ko a sasanta rikicin iyakar gona face an shimfiɗa masa tabarma. In ƙarfinsa ya gaza ga hauya, sai ya koma inuwar masallaci tsakanin Azahar da La'asar, yana tufkar igiya, sa'o'insa na gefe, ana ta muhawara a kan damina da farashin gero a kasuwar Lahadi ta Tawa.

Tsohuwa ma haka. Ita ce ungozoma, ita ke kaɗi, ita ke tatsuniya bayan Lisha, ga kuma wasan nan na kaka da jika, inda take kiran yaro angonta, shi kuwa yana ce mata ta yi masa tsufa. Wasa ne a zahiri, amma a haƙiƙa hikima ce da ta hana ɗakin tsohuwa yin shiru.

Abin da ya sassauta wannan ɗauri shi ne bida, wato tafiya neman kuɗi a waje. Harajin Faransa da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, su suka fara tura samarin Adar zuwa Kurmi, wato ƙasashen kudu, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka mai da cin rani ya zama kamar wajibi, har Abijan ta zama wa Ba'adare tamkar gari na biyu. Da aka fara aikin raya ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya, galibin masu ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa mata ne, saboda maza suna can nesa. Yaron da ya riƙe kuɗin guminsa a aljihu kuwa, ko da yana da ladabi, ba ya jiran mabuɗin rumbu.

Ba na cewa 'yan bida sun yi sakaci da haƙƙin mahaifa, wanda shari'a ta ɗora musu. Wallahi da yawansu suna aike, suna gina masallatai, suna kai iyaye Makka. Illa dai an ciyar da dattijo, an tufatar da shi, amma an rage tambayarsa, alhali tambayar nan ita ce ke kawo mutane bakin tabarmarsa. A yau za ka same shi ran Juma'a da maraice, jikansa na riƙe masa da salula a kunne, yana tambayar ɗansa na Abijan ko zai iso kafin ruwan shuka.