Waƙar Da Aka Karɓe Daga Bakin Mace

'Yan uwana mata, yau tarihin wata waƙar Turawa zan ba ku, mai suna House of the Rising Sun. Ba a san wanda ya ƙirƙire ta ba, kamar dai waƙoƙin daka a wurinmu. Talakawan ƙauyukan Amurka ne suka yi ta gadonta daga baki zuwa baki.

A shekarar 1937 wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, ya je garin Middlesboro a jihar Kentucky da na'urar ɗaukar murya. Can ya samu wata yarinya 'yar shekara 16, Georgia Turner, 'yar wani mai haƙar kwal, ta rera masa ita. A tsohuwar sigarta waƙar nan kukan mace ce wadda rayuwarta ta lalace a wani gida a birnin New Orleans saboda namiji mashayi, tana aika wa ƙanwarta gargaɗi kada ta bi sawunta. Haka Joan Baez ta rera ta a 1960, haka Bob Dylan ya sa ta a faifansa na 1962, duk da muryar mace.

To, a watan Mayu na 1964 sai ga wasu samari biyar daga Newcastle ta Ingila, The Animals, masu kiɗan rok. Suka sa mata gita mai lantarki da ganguna, suka ɗauke ta a rerawa ɗaya tak. Kafin shekarar ta ƙare ta zama ta ɗaya a Ingila da Amurka. Amma kun san abin da ya faru? Sun mayar da mai kukan namiji, ɗan wani ɗan caca. Macen ta ɓace, ƙanwarta ma ta ɓace.

Kuɗi kuwa, sunan mutum ɗaya, Alan Price, aka rubuta a faifan a matsayin mai tsara kiɗan, shi ya riƙa karɓar ladan, abin da ya bar wa sauran ciwo a zuci. Ita Georgia ta rasu a 1969 ba ta yi arzikin waƙar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni dai ina ganin samarin nan sun raya waƙar, don ba domin su ba da duniya ba ta san ta ba. Sai dai ya kamata duk wadda ta ji ta, ta san gargaɗin ya ce ga ƙanwarta tun asali, kuma ta riƙe sunan yarinyar da ta rera shi.