Dodon Roba a Gaɓar Teku: Asalin Daɗin Finafinan Tsoro Masu Araha

Finafinan dodannin teku da aka shirya da kuɗi kaɗan a Amurka tun daga shekarun 1950 sun daɗe da daina tsorata kowa, amma har yau ana nemansu ana kallo, galibi cikin raha da shewa. Masu sharhin al'adu suna kiran irin wannan sha'awa kamf, wato jin daɗin abin da ya wuce gona da iri, wanda ƙirƙirarsa ta fito fili har mai kallo ba ya iya mantawa da cewa ƙira ce. Susan Sontag, a maƙalar da ta wallafa kan batun a 1964, ta bambanta wanda ya auku ba da niyya ba da wanda aka shirya da gangan, kuma ta fifita na farko. Wannan bambanci ya fi fitowa sarari a finafinan teku fiye da ko'ina, domin daɗinsu yana zaune ne a tazarar da ke tsakanin girman burin masu shiryawa da ƙanƙantar abin da ke aljihunsu.

Kasuwa ce ta haifi nau'in. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948, wanda ya tilasta wa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen sinimarsu, ƙananan furodusoshi suka sami ƙofa, sinimomin fili da ake kallo daga cikin mota suka yawaita, matasa kuma suka zama kwastomomin da ake farauta. Tsoron makaman nukiliya, wanda gwaje-gwajen tsibirin Bikini suka ƙara hurawa, ya ba marubuta dalili guda da ya isa ya bayyana kowace irin halitta: guba ta zuba a ruwa, ƙaguwa ta zama ƙatuwa.

Teku kuwa tana da fuska biyu ga mai ƙaramin jari. Gaɓarta ba ta bukatar a gina komai, kuma ruwan yana ɓoye dodo na tsawon sa'a guda ba tare da an kashe sisi ba, sai dai fosta ta riga ta yi alkawarin halitta mai ban tsoro, don haka tilas a ƙarshe a fito da ita, kuma a nan ne asiri ke tonuwa. A fim ɗin It Came from Beneath the Sea na 1955, Ray Harryhausen, gwanin motsa 'yan tsana ta hanyar ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙera oktofus, halittar da aka sani da hannuwa takwas, da hannuwa shida kacal saboda ƙarancin kuɗi, sannan ya riƙa ɓoye wani sashe na jikinta a ruwa don kada a ƙirga. Duk da haka ta naɗe gadar Golden Gate ta San Faransisko da wani irin kwarjini da har yau ake yabawa. Roger Corman, wanda ya fara furodusanci da Monster from the Ocean Floor a 1954, ya fi shi rashin kunya: dodon Creature from the Haunted Sea na 1961 mutum ne cikin rigar ninƙaya da aka lulluɓe da tarkace, idanuwansa kuma ƙwallayen tanis ne, suna zuru a waje guda ko da me ke faruwa. A The Horror of Party Beach na 1964, bakunan dodannin cike suke da wasu tsiro masu kama da tsiren nama, suna tafiya da ƙyar a kan yashi, alhali samari da 'yan mata masu ƙafafu lafiyayyu sun kasa tsere musu.

Abin lura shi ne 'yan wasan irin waɗannan finafinai, in ban da na Corman na 1961 da aka shirya da nufin barkwanci, ba sa murmushi. Masanin kimiyya cikin farar riga yana bayani da murya mai nauyi, jami'in soja yana ba da umarni, mace tana kururuwa iya ƙarfinta, duk a gaban roba da ke lanƙwashewa a gwiwa. Mai kallo yana ganin abu biyu a lokaci guda, labarin da ake ba shi da kuma wahalar waɗanda ke ba shi, shi ya sa dariyarsa ba ta zama zallar raini ba; akwai tausayi a cikinta, akwai kuma jinjina ga mutumin da ya yi gumi cikin wannan riga. Jaws na 1975 ya nuna ɗaya hanyar, domin lokacin da kifin shak na inji ya riƙa lalacewa a ruwan gishiri, Steven Spielberg ya rage nuna shi, tsoro kuma ya ƙaru. Mai ƙaramin jari ba shi da wannan haƙuri, dodon ne kaɗai hajarsa.

Ana iya cewa wannan sha'awa wulaƙanci ne da aka yi wa ado, kuma shirin talabijin na Mystery Science Theater 3000, wanda ya fara a 1988 yana zolayar tsofaffin finafinai a daidai lokacin da ake nuna su, ya ba wannan zargi ƙarfi. Amma zolayar ce ta hana da yawa daga cikinsu ɓacewa, kuma ba a maimaita kallon abin da aka tsana.

Matsalar ta zo ne lokacin da kamfanoni suka gane cewa dariyar kanta haja ce. Kamfanin The Asylum ya fitar da Mega Shark Versus Giant Octopus a 2009, inda kifi ya yi tsalle ya cafko jirgin sama daga sararin samaniya, sannan Sharknado a 2013 a tashar Syfy, inda guguwa ke kwaso kifaye tana watsa su a Los Anjeles, jarumin kuma ya faɗa cikin ɗayansu da zarto mai inji ya yanka hanyar fita. An yi Sharknado shida a jere zuwa 2018, kowanne ya fi na baya hauka da tarin fitattun fuskoki. Waɗannan finafinai sun riga mai kallo yin dariyar, ba su bar masa abin da zai gano da kansa ba, kuma dodon da aka zana da kwamfuta ba shi da nauyi ko ɗinkin da ido zai kama. Oktofus mai hannuwa shida ta Harryhausen ta fi dukkan Sharknado shida daraja, domin wanda ya ƙera ta da gaske yake son a ji tsoro.