Sa Hannun Talaka: Me Ya Sa Ba Ya Kai Magana Akwatin Zaɓe?

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kachala ta toshe magudanan ruwa, wasu gonaki sun nutse, wasu fadamun sun bushe. Da manoma da masunta na Guri za su haɗa sa hannu dubu hamsin suna neman a yi ƙuri'a kan yadda ake sakin ruwan nan, takardar ba za ta wuce matsayin koke ba. Babu dokar da ta tilasta wa hukumar zaɓe ta buga tambayar a takardar ƙuri'a.

A wasu ƙasashen abin ba haka yake ba. Tun 1891 mutanen Suwizalan ke da ikon gabatar da gyaran tsarin mulki da kansu; a yau sa hannu 100,000 cikin wata 18 ya isa a kira ƙuri'ar raba gardama. A Amurka ma da sa hannun masu zaɓe Ross Perot ya shiga takarar shugaban ƙasa a dukkan jihohi 50 a 1992 ba tare da jam'iyya ba.

Mu ma mun taɓa ɗanɗana irin wannan. A Jamhuriya ta Farko ɗan takara na iya tsayawa da ƙafarsa. A Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi zama cikin Nijeriya, yankin da ya koma Lardin Sardauna. Ranar 13 ga Yuli, 1963 kuma aka kaɗa ƙuri'ar da ta haifi Jihar Tsakiyar Yamma. Daga nan ƙofar ta rufe. Duk jihohin da suka biyo baya, daga 12 na Gowon a 1967 zuwa 36 na 1996, sojoji ne suka yanka su da doka. Haka Janar Babangida ya cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, ya ajiye hedkwata a Dutse, ba a tambayi kowa a akwati ba.

Shi ya sa neman Jihar Haɗeja, wanda aka daɗe ana kai takardunsa Majalisar Tarayya, ya zama darasi. Sashe na 8 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ɗora farkon aikin a hannun masu zaɓe ba. Buƙatar sai ta samu goyon bayan kashi biyu bisa uku na wakilan yankin a Majalisar Dattawa, da ta Wakilai, da ta jiha, da majalisun ƙananan hukumomi. Bayan haka ne za a tambayi jama'ar yankin, sannan a nemi amincewar yawancin jihohi da ta majalisun tarayya biyu. Ko da dukkan masu rajista a ƙananan hukumomi takwas na masarautar, daga Kafin Hausa har Birniwa, sun sa hannu, hakan shaida ce kawai ta nuna ra'ayi. Zuwa yau ba a ƙirƙiri jiha ko ɗaya ta wannan hanya ba.

Ta fuskar takara kuwa, kundin 1999 ya wajabta jam'iyya ta tsayar da mutum. A 2022 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin ba da damar takarar kashin kai, amma bai zama doka ba.

Ƙofa ɗaya ta rage, wato kiranye. Sashe na 69 da na 110 sun ce idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu cewa sun yanke ƙauna daga ɗan majalisarsu, hukumar zaɓe za ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Gwamna da shugaban ƙasa ba sa ciki. A Afrilun 2018 yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye ya rushe, domin sa hannun da aka tantance bai kai kashi 6 cikin ɗari na masu rajista ba. A Afrilun 2025 na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ya tsaya a sa hannu 208,132 daga masu rajista 474,554, bai kai rabi ba. A ƙasar da fitowar masu zaɓe a 2023 ba ta kai kashi 30 cikin ɗari ba, wannan ma'auni ya fi ƙarfin kusan kowace mazaɓa.

Masu taka-tsantsan suna da hujja: inda ake sayen ƙuri'a, sa hannu ya fi araha, kuma mai kuɗi zai iya mayar da kiranye makamin ramuwa. Sai dai maganin wannan shi ne tantancewa mai ƙarfi, wadda na'urar BVAS ta nuna tana yiwuwa. Muddin ba a gyara waɗannan sassa ba, mutumin Guri da ruwa ya cinye masa shinkafa zai ci gaba da jiran jam'iyya ta zaɓa masa wanda zai zaɓa, da kuma batun da za a tattauna.